Ramin Turke a Bayan Gida

A ƙarshen Nuwamba, ranar wata Asabar, Uwaisu ya kafa ƙaramin injin da iska ke juyawa ya ba da wuta, a bayan gidansa na Lewisham, a Landan. Wata biyar ya yi yana jiran izinin ƙaramar hukuma. Sanyi ya sa ya kwaɓa simintin turken injin da ruwan zafi. Da ya gama, dab da magariba, ya sheƙa sauran tafasasshen ruwan a ramin. Bai yi bismilla ba. Matarsa Shafa'atu ta gani ta taga.

Injin ya kama aiki. A kwana na uku tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kicin, ɗaya bayan ɗaya, duk faɗuwar rana. Uwaisu ya ce yaran maƙwabta ne. Maƙwabtan kuwa tsofaffi ne, ba su da yara.

Sannan 'yarsu Muhibbat, mai shekara sha huɗu, ta daina cin abinci. Takan tsaya a ƙofar baya tana kallon turken har duhu ya rufe shi. Likita ya ce gajiyar makaranta ce. Uwaisu na zuwa aiki yana dawowa, ba ya jin komai, ko tsoro.

Shafa'atu ce ta kira Malam Suhaib daga Woolwich. Ya iso bayan la'asar, ya zauna kan kafet, ya fara karatu a hankali. Can yarinyar da ba ta amsa magana sai da Turanci ta buɗe baki da Hausar tsofaffi, cikin muryar wata babbar mace.

"Ya ƙona mini ɗa. Ya kuma rufe shi da dutse."

Malam ya tambaye ta abin da take so. Ta ce 'ya a madadin ɗa. Ya ce wannan babu, wanda ya zuba ruwan bai san da kowa a wurin ba, ya ci gaba da karatu. Ta daɗe tana nishi.

"To ya buɗe mini in ɗauki abina."

"Ki fita tukuna," in ji Malam.

"A'a, sai ya fara buga simintin tukuna," in ji muryar.

Uwaisu ya kwance injin, ya ari guduma a maƙwabta. Yana fasa simintin hasken rana yana ƙarewa. A bugu na ƙarshe wani ɗumi ya taso daga ramin, ya wuce ta gefen fuskarsa.

Daga cikin gida ya ji Shafa'atu tana ce wa Muhibbat, "Sannu, sha a hankali." Ya ajiye gudumar, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.