Katin da Ya Dace da Kwamfutar Nasiru

Zulaihat na zaune a shagon gyaran kwamfuta na mahaifinta a Ƙofar Sauri, wani saurayi ya sauka daga acaɓa rungume da kwamfuta kamar mai kai jariri asibiti. Ya gaisa da ita a natse, ya ce sunansa Nasiru, malamin firamare ne a Ƙofar 'Yandaka.

"Ƙwallo nake ɗan bugawa a ciki ran Asabar, to 'yan wasan sai su riƙa maƙalewa. An ce in sauya katin girafik, wanda ke zana hoton a allo."

Kafin ta amsa Abbas ya tsoma baki. Abbas ɗan GRA ne, wata uku yana zarya a shagon da sunan neman aurenta, ba abin da ya iya sai kaɗa makullin mota da ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Malam, sayi babba mai fanka uku. Ƙananan nan na yara ne."

Zulaihat ko kallo bai ishe ta ba. Ta kwance murfin kwamfutar, ta auna cikin akwatin, ta karanta ƙarfin na'urar da ke ba kwamfutar wuta.

"Babban ba zai shiga ba, in ma ya shiga wutar nan ba ta ɗaukarsa. Ƙarami mai fanka ɗaya ya ishi ƙwallonka."

Abbas ya sheƙe da dariya. "Mace za ta zaɓa maka?"

"Ita ta buɗe ta duba, kai kau daga nan kake tsaye," in ji Nasiru. "Sa mani wanda kika ce."

A nan zuciyarta ta motsa. Ta sa masa ƙaramin, ya tafi. Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Injiniya, 'yan wasana sun warke. Ni ne yanzu na maƙale." Ta maida masa: "Wannan ba gyaran shago ba ne, sai ka zo gida."

Ya zo, ya kuma yi ta zuwa. Sai dai Malam Salihu, mahaifinta, da ya ji abin da ya haɗa su ya taɓe baki.

"Ƙato da gemu yana wasan yara a kwamfuta? Shi zai riƙe mani ɗiya? Ga Abbas ɗan mutunci."

Abin ya ƙona Zulaihat. Ɗan mutuncin nan ya riga ya gaya mata cewa ranar da ta shiga gidansa ta gama taɓa sukudireba, matarsa ba za ta yi warin dalma ba. Aikin da ta koya tun tana sakandare shi yake so ya raba ta da shi, kuma yana faɗa yana murmushi kamar alheri zai mata.

Nasiru ya ji abin da Malam Salihu ya ce, ya rubuto: "Zuly, ba zan ja da Baba ba. In ya ce a'a, na haƙura." Ta karanta ta ji kamar ta jefar da wayar. Ta rubuta: "Ashe haka kake da saurin sakin abu." Kwana huɗu babu wanda ya ƙara cewa uffan.

A cikin kwanakin ne Abbas ya sayi katin mai fanka ukun don tasa kwamfutar. Girman kai ya hana shi kawo wa mace, ya zauna ya cusa da kansa. Da ya kunna sai hayaƙi. Ya kwaso ta ya dire gaban Malam Salihu, Zulaihat na gefe.

"Baba, dubi aikin ɗiyarka. Ita ta sa mani, ga shi ta ƙona."

Zulaihat ta buɗe baki, uban ya ɗaga mata hannu. Ya gyara tabarau ya leƙa ciki. An lanƙwasa ƙarfen akwatin da filaya don katin ya samu wuri. An yanke wayoyi biyu an murɗe su da hannu, an nannaɗe da salatif na takarda.

Malam Salihu ya ɗago kai.

"Abbas, ni na koya wa yarinyar nan haɗa waya. Ko tana barci ba ta yin wannan ƙazanta. Halan ka ɗauka ban san hannun ɗiyata ba?"

"Baba, wataƙila dai..."

"Ɓarnar ba ta dame ni ba, kowa na kuskure. Amma ka ɓata da hannunka, ka zo gabana ka ɗora mata, tun ba a ba ka ita ba. Ɗauki kayanka."

Ya ɗauka ya fita, makullin motar ma ya manta da kaɗa shi.

Tsohon ya juyo wajen Zulaihat. "Shi malamin ƙwallon, da kika zaɓa masa ƙarami mi ya ce?"

"Cewa ya yi in sa wanda na ce."

"Gaban mutane?"

"Gaban Abbas."

Ya yi gyaran murya. "Wasan dai har gobe shirme ne. Ce masa ya turo manyansa."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Nasiru: "Mai saurin haƙuri, Baba na kira." Amsa ta zo nan take: "Wallahi ban haƙura ba, Zuly, ƙarya na yi. Kwana huɗu ko abinci ba na gane ɗanɗanonsa."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Nasiru ya riga ya roƙe shi abu ɗaya, cewa kada a ba kowa bencin aikinta a shago.

Malam Salihu ya dafa kanta. "Allah ya yi maku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Na ba ki sati biyu, ranar Litinin ta uku ina jiranki, aiki ya taru."