Ranar da Ba a Kira La'asar Ba

Kai mai karatu, kada ka ce ba ka sani ba. Sau nawa ka bi hanyar Surko ka ga mutane sun yi fari fat da garin dutse, ba hular kwano, ba takalmi sai silifas, ka ɗaga gilashin motarka ka ƙara wuta? Tsakuwar da ke harsashin gidanka daga hannunsu ta fito, amma ba ka taɓa tambayar sunan ko mutum ɗaya ba. To, ga labarin ɗayansu.

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Laraba aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Birnin Kudu. An ce ɓarawon man dizal ya faɗo daga kan injin niƙa dutse, a wani kamfani da ke bayan Surko, ya mutu.

Insfekta Yunusa Manu ya ɗauki Kofur Nasiha suka tafi.

Manajan kamfanin, Saifullahi, ya tare su a bakin ƙofa cikin shadda mai ƙyalli, yana karkaɗa mukullin mota.

"Insfekta, sun addabe mu. Kullum sai an zuƙe mana mai. Yau dai Allah ya kama mana ɗaya. Ku kwashe shi, muna da tifa goma sha biyu suna jira."

"Ka san shi?"

"Ni? Ina zan san ɓarawo?"

Gawar tana kwance ƙarƙashin bel ɗin da ke jan dutse zuwa cikin inji. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar. Hannunsa na dama ya dagargaje har kafaɗa. An ajiye jarka a gefensa.

Yunusa ya tsuguna. Ya buɗe jarkar ya shinshina, ba warin mai ko kaɗan. Ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin hannun, a bushe take.

"Nasiha, kin taɓa ganin an yanka rago ba jini a wurin?"

"Sai dai in a wani wuri aka yanka, Yallaɓai."

Manajan ya ja tsaki. "Ni ba likita ba ne. Ƙasa ce ta shanye."

"Ƙasarku akwai ladabi, har goge bakinta take yi," in ji Yunusa. Ya ɗauki hoton fuskar da wayarsa, ya sa aka tafi da gawar asibiti.

Daga nan ya ce a tara masa leburori. Mutum talatin da ɗaya suka jeru a rana, kowa kansa a ƙasa. Shugabansu, wani dattijo mai suna Sada, shi ya matso.

"Baba, ka san mamacin?"

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

"Ka duba fuskarsa?"

"Ban duba ba."

"To yaya aka yi ka san ba ka san shi ba?"

Sada ya shiga murza gefen rigarsa.

Yunusa ya juya wurin manaja. "Kawo min rajistar ma'aikata."

"Ma'aikatanmu bakwai ne, duk suna ofis. Waɗannan 'yan aikin yini ne. Su zo da safe, a sallame su da yamma. Ba mu da wata alaƙa da su."

"Baba Sada, shekararka nawa kana aikin yini a nan?"

"Goma sha ɗaya."

"Yini mai tsawo ke nan." Yunusa ya matsa daf da manajan. "Doka ta ce kafin mutum ya cika wata uku yana maka aiki sai ka ba shi takarda. Ta kuma ce ko lebura ne, in ya ji ciwo ko ya mutu a bakin aiki, akwai diyya. Ka san da haka?"

"Ka zo kama ɓarawo ne, ko ka zo koya min aikina? Na san manyanka, Insfekta."

"Ka gaishe su."

Wajen sha biyu likita ya bugo. Ya ce ba faɗowa ce ta kashe mutumin ba. Inji ne ya ja hannun, kuma injin yana cikin aiki ya ja shi. Jini ne ya yi ta zuba a hankali, awa huɗu ko biyar, har rai ya fita. Akwai shatin ɗauri a saman dantsen, wani ya yi ƙoƙarin tsayar da jinin, daga baya aka kwance.

Yunusa ya kashe wayar ransa a ɓace. Wato mutum ya kwanta awa biyar yana mutuwa, ga motoci jere a harabar nan, asibiti kuma bai kai tafiyar minti talatin ba. Amma har yanzu ba shi da sunan mutumin. In bai samo ba, gobe za a binne shi a matsayin ɓarawon da ba a san danginsa ba, a rufe fayil.

Ya fita bakin ƙofa ya zauna a rumfar wata tsohuwa mai sayar da shinkafa da wake. Sunanta Tani. Da rana take zuwa, saboda haka ba ta ga gawar ba.

Ƙarfe biyu ta wuce. Tani ta dubi rana, ta leƙa ta shinge wajen filin da aka kewaye da duwatsu, inda leburori ke salla. Suna nan a tsattsaye, kowa da butarsa, ba wanda ya motsa.

"Oh ni Tani! Yau ma Ladan ya sa mu a uku."

"Wane Ladan, Inna?"

"Na nan wurin mana, ɗan nan. Shekara tara ba ni da agogo sai muryarsa. Matan ƙauyen can ma da shi suke sauke tukunya. Jiya ya kira azahar lafiya lau, har ya ci wakena. La'asar kuwa shiru, sai da na ga rana ta yi ja na tashi a firgice."

Yunusa ya miƙa mata wayar, ya nuna mata hoton mamacin.

Ludayin ya faɗi daga hannunta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shi ne! Me ya same shi?"

"An ce ɓarawo ne."

"Uban wa ya ce? Wallahi ko canjin naira hamsin na manta sai ya biyo ni da shi!"

Yunusa ya tashi ya nufi filin sallar. Leburorin suka dare.

"Lokaci yana wucewa," ya ce da ƙarfi. "Wa zai kira muku?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara tara Ladan yana tsayawa a kan dutsen nan yana kiranku. Yau da safe kun dube ni, ku talatin da ɗaya, kun ce ba ku san shi ba. To ku tayar da sallar in gani. Baba Sada, shige gaba."

Sada ya ajiye butarsa, ya durƙushe a ƙasa.

"Ɗanladi sunansa. Mutumin Maruta ne, ta Gwaram. Wajen ƙarfe uku bel ya kama hannun rigarsa. Murfin bel ɗin ya karye tun watan azumi, mun faɗa an ƙi gyarawa. Ni na ɗaure masa hannun da rawanina. Manaja ya ce a kai shi sito, mota tana zuwa. Ya kulle, ya sa mukulli a aljihu, ya kore mu. Ya ce duk wanda ya buɗe baki kada ya dawo. Ranka ya daɗe, 'ya'yana takwas."

"Shi nasa nawa?"

Sada ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

An buɗe siton. An wanke daɓen tas da omo, amma jini ya maƙale a tsagar siminti. Manajan ya tsaya a ƙofa yana murmushi.

"Akuya aka yanka. Tsohon nan kuwa, makon jiya na rage masa matsayi, shi ya sa yake min sharri. Na gaya maka ban taɓa ganin mutumin ba. Lauyana yana hanya."

Yunusa ya san maganar lebura ɗaya ba za ta tsaya gaban lauya ba. Ya bar 'yan sanda biyu a ƙofar kamfanin, shi da Nasiha suka kama hanyar Gwaram. Duk tsawon tafiyar yana juya yadda zai sanar da matar mamacin.

Da suka isa Maruta sai ya tarar an riga shi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna zaune jugum. Nasiha ta shiga ta yi sallama, aka ba shi izini ya tsaya a bakin zaure. Matar, Kulu, tana zaune a tsakar gida, yara biyar sun kewaye ta.

"Allah ya jiƙansa, baiwar Allah. Wa ya sanar da ku?"

"Direban manajansu. Tun da hantsi ya zo."

"Da hantsi?"

"Kafin ƙarfe tara. Ya kawo buhun shinkafa da likkafani, ya ce daga Alhaji Saifullahi. Ya kuma kawo takarda in dangwala hannu, wai na yafe komai. Ya ce in na ƙi, za a sanar a rediyo cewa sata ya je yi."

"Kin dangwala?"

"Na ce a bari babban yarona ya dawo daga makaranta ya karanta min. Direban ya ajiye ta ya ce zai dawo gobe." Ta ɗago jajayen idanunta. "Malam, ku ne hukuma. Ku gaya min a gaban yaran nan, ubansu ɓarawo ne?"

"Ma'aikaci ne, kuma a bakin aikinsa ya rasu. Kada ki sa hannu a kan komai. Haƙƙinku yana wuyan kamfani, kuma doka ce ta ɗora musu, ba alfarma za su yi muku ba."

Washegari da safe aka shigo da Saifullahi ɗakin bincike, lauyansa a gefe. Yunusa ya ajiye likkafanin da ya karɓo daga wurin Kulu a kan tebur, ya ɗora takardar a kai. Hatimin kamfanin yana jiki, da sa hannun manaja, da cikakken sunan Ɗanladi.

"Jiya ƙarfe takwas ka ce min ba ka san shi ba. Kafin tara likkafaninka ya isa gidansa a Maruta. Mu kanmu ba mu san sunansa ba sai bayan biyu. Wahayi aka yi maka?"

"Sadaka ce kawai..."

"Ga ɓarawon da ba ka sani ba? Direbanka yana ɗakin can, ya riga ya ba da jawabi."

Lauyan ya dubi takardar, ya rufe jakarsa a hankali.

Gumi ya keto wa Saifullahi. "Ban yi nufin ya mutu ba. Da na kai shi asibiti za su rubuta hatsarin wurin aiki. Ba mu yi wa kowa rajista da asusun diyya ba, ga kwangilar titi za mu sa wa hannu ranar Juma'a. Na ce bari rana ta faɗi in samo mai ɗori. Da na buɗe... ya riga ya cika."

"Sai ka kwance rawanin, ka nemo jarka."

Ya gyaɗa kai.

"Ka aika masa da likkafani, amma ka hana shi mota. Kofur, sa masa ankwa."

Aka fita da shi ta gaban kantar ofishin, shaddar ta jiƙe sharkaf. Da azahar aka miƙa gawar Ɗanladi ga danginsa, da takardar 'yan sanda mai cewa ma'aikacin kamfani ne da ya rasu a bakin aiki. Da ita Kulu za ta nemi diyyar marayunta.

Kada ka yi ajiyar zuciya ka rufe shafin. Cikin mutum talatin da ɗaya, uku ne kacal suka yarda su tsaya a kotu, sauran suna tsoron yunwa, kuma tsoronsu gaskiya ne, domin ba su da takardar da za ta kare su. Kana da ƙane ko maƙwabci mai aikin ƙarfi. Yau ɗin nan ka je ka tambaye shi ko yana da takardar ɗaukar aiki, ko an yi masa rajistar diyya. In ya ce babu, kama hannunsa ku tafi ofishin ƙwadago, kada ku fito sai an rubuta ƙorafinsa. In kuwa kai ne mai ba da aikin, ɗauko biro ka rubuta sunayen mutanenka kafin ka ci abincin rana.