Rahoton da Ɓarawo Ya Aika

Ranar Juma'a da la'asar Malama Zulai ta buɗe ɗakin kwamfuta na makarantar da take koyarwa a Gummi, ta tarar kwamfutar tafi-da-gidanka ta makaranta ta yi ƙafa. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, taga a rufe. Kafin magariba an kai Baba Makau maigadi ofishin 'yan sanda, an karɓe makullan da ya shekara goma sha tara yana ratayawa a wuya. Ranar Litinin za a kai shi kotu.

Sufeto Malami aka ba binciken, mutumin da ko saƙon waya sai ɗiyarsa ta rubuta masa. Amma yana da kunne.

"Baba, wa ka ba makulli?"

"Ranka ya daɗe, Musbahu mai gyara ya zo duba firinta da hantsi, na buɗe mai. Sai Malam Faruku bayan Juma'a. Ni ko kunna abin ga ban iyawa."

Malam Faruku, malamin lissafi, ya ce alli ya shiga ɗauka, bai ko kalli teburin ba. Ɗalibai uku sun ga fitowarsa da kwalin alli kawai a hannu. Musbahu kuwa ya amsa tambayoyi yana murmushi a shagonsa na bakin tasha.

"Na gyara, na fito. Tana bisa tebur na bar ta."

Ranar Asabar Zulai ta zo ofis da waya a hannu.

"Yallaɓai, ga wani saƙo da ban gane ba. Masu burauza na yi mani godiya."

"Masu mi?"

Ta yi masa bayani. Burauza ita ce manhajar shiga intanet. Wadda ke kan kwamfutar ta gwaji ce, ba a gama ƙera ta ba, shi ya sa take yawan sumewa. Duk lokacin da ta sume sai ta buɗe akwati ta ce a rubuta abin da ya faru, masu ita kuma su aiko da godiya ta imel ɗin da ke kanta, wato na Zulai.

"Yaushe anka rubuta wannan?"

"Yau, ƙarfe goma. Kwana guda da sata."

Ta fassara masa rahoton da ke haɗe da godiyar: burauza tana mutuwa duk lokacin da aka tura aiki ga injin buga katin roba, kuma wannan ne karo na uku da ake kai ƙarar, don Allah a gyara.

"Ke kina cika akwatin nan?"

Ta ji kunya. "Rufewa nike yi. Kowa rufewa shike yi."

"Wa ya sa maki ita?"

"Musbahu. Har faɗa shike mani, wai mai amfani da ta gwaji bai kai rahoto ba ya ci amana."

Da azahar suka koma bakin tasha. Injin buga katin roba na kan benci. Kwamfutar na ƙarƙashi, cikin kwalin taliya.

Musbahu bai yi gardama ba. Tasa ce ta ƙone, ga aikin katin 'yan kabu-kabu ɗari biyu, sai ya zura ta makaranta cikin jakar kayan aiki lokacin da Baba Makau ya tafi ɗebo masa ruwan sha.

"Ka goge takardun makaranta, ka ɓare lambar jikinta," in ji Malami. "Amma abu ya sume gabanka, hannunka ya kasa haƙuri. Maigadi na kulle sa'ad da anka rubuta. Malam Faruku bai da injin kati. Kuma duk Gummi wa ya kai ƙarar ga sau biyu in ba kai ba?"

Musbahu ya sunkuyar da kai. "Matsalar ta dame ni ne, yallaɓai."

Aka fito da Baba Makau. Ya riƙe hannun Malami da hannu biyu, ya yi ta sa wa Zulai albarka, ya ce a gaishe masa da mutanen da suka aiko saƙo ko a wace ƙasa suke. Sannan ya tambaya wa ya rubuta takardar da ta wanke shi, don ya je har gida.

Malami ya nuna ɗakin da tsohon ya kwana, inda Musbahu ke kulle yanzu.

Baba Makau ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya kwance tabarmar da iyalinsa suka kawo masa jiya, ya miƙa wa wani kurtun ɗan sanda.

"Ba shi. Simintin can da sanyi."