Kunkuru A Gaban Motar Baba

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira Madam Kashe a gidansu. Ba haka kawai ta samu sunan ba. A makaranta, ita ce wadda malama ta ɗora wa aikin kashe fitilu da fankokin aji idan an tashi.

"Wutar lantarki ba a banza take zuwa ba," in ji malama. "Duk abin da ba a amfani da shi, a kashe shi."

Yarinyar ta riƙe maganar nan da hannu biyu, har ta taho da ita gida. Ka fita daga ɗaki ka ɗebo ruwa, kafin ka dawo ta kashe fanka. Mama ta sha shiga banɗaki a kashe mata fitila daga waje. Baba ne ya raɗa mata sunan, ita kuwa har daɗinsa take ji.

Baba direban tasi ne. Motarsa ba ta shan mai, lantarki take sha. Tana da ƙaton batir a ƙarƙashinta. Idan ya dawo gida, sai ya shigar da ita rumfa ya jona mata igiyar caji.

Garinsu kuwa a bakin hamada yake. Da rana tsaka, ko kare ba ya yarda ya taka kwalta.

A gidan akwai Kaka, mahaifiyar Baba. Yanar ido ta kama ta, ba ta gani sai dishi-dishi. Da Mama ta haifi ɗa namiji, da hannu Kaka take shafa fuskarsa.

"Hancin nan dai namu ne," takan ce. "Amma ina so in ga idanun yaron nan kafin ya fara gudu ya bar ni."

Ana nan sai aka ji likitan ido ya zo asibitin garin gaba, can bayan yashi. An sa Kaka a ranar ƙarshe, aka ce ta iso kafin yamma. Idan ta rasa, sai wata shekara.

Ranar da safe Baba ya kai wasu fasinjoji da ya yi wa alkawari. Ya dawo da rana, batir ya yi ƙasa. Ya jona mota, ya shiga ciki.

"Zan ɗan runtsa," ya ce wa Mama. "Kafin in tashi ta cika, sai mu kama hanya."

Gida ya yi tsit. Yarinyar ta fito shan ruwa, sai ta ji wata ƙara daga rumfa. Ta leƙa. Ba kowa a cikin motar, amma wani abu yana ta huci a ƙarƙashinta, fuuu, kamar fanka.

Ta tsaya ta kama ƙugu.

"Ka ji fa," ta ce. "Ba kowa a ciki, tana ta ɓarnar wuta. Baba ya manta bai kashe ta ba."

Ta san inda makunnin cajin yake. Yana bayan ƙofar ɗakin ajiya, inda ba wanda yake taɓa shi. Ta yi ɗage, ta danna shi ƙasa. Ƙarar ba ta tsaya ba, amma ta ce a ranta ai yanzu za ta gaji ta daina. Ta koma ɗaki tana jin ta yi abin kirki.

Da Baba ya tashi, ya je ya duba mota. Sai fuskarsa ta canza.

"Ko rabi ba ta kai ba," ya ce. "An ɗauke wuta ne?"

"A'a," in ji Mama. "Fankar ɗakina ba ta tsaya ba."

Baba ya zare igiyar ya mayar. Shiru. Ya sake. Shiru.

"To, na'urar cajin ce ta lalace. Yau ɗin nan kuma, ba jiya ba, ba gobe ba."

 Maganar ta zo wa yarinyar har bakin leɓe, amma ta ga yadda ran Baba ya ɓaci, sai ta haɗiye ta.

"Mu tafi haka," in ji Baba. "Akwai wurin caji a tsakiyar hanya. Allah Ya kai mu."

Mama ta zauna da jariri. Yarinyar ta riƙe hannun Kaka, suka shiga baya.

Da suka fita daga gari, gidaje suka ƙare, itatuwa suka ƙare. Yashi dama, yashi hagu. Can gaba kwalta tana ƙyalli kamar an zuba ruwa, amma in an isa wurin ba ko ɗigo.

Ba a yi nisa ba Baba ya kashe na'urar sanyin mota.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Ita ma daga batir take sha. In na bar ta, ba za mu kai ba."

Ya sauke gilashi. Iskar da ta shigo kamar daga bakin murhu take fitowa. Zufa ta fara bin wuyan Kaka. Sai fifita take yi da gefen mayafinta. Wannan haƙurin nata ya fi damun yarinyar.

Da suka fara hawan wani tudu, motar ta rage gudu da kanta. Baba ya taka, ta ƙi. Sai ga wani ɗan hoto ruwan ɗorawa ya haska a gaban sitiyari.

"Baba, kunkuru ne wancan?"

"Shi ne. Motar ce take ce mini ba za ta iya gudu ba. Batir ya yi zafi, ga shi wutar ta yi ƙasa. Tana tafiya a hankali don kada ta lalata kanta."

"Mota ma tana jin zafi?"

"Sosai ma. Batir kamar mutum yake, ba ya son rana ta yi masa yawa. Akwai wani ruwa da ke zagaya shi, da fanka mai sanyaya ruwan. Ba kya jin tana huci a rumfa ko ba kowa a ciki? Ai fifita take yi wa kanta. In tana jone, da wutar gida take yi, sai mu fito da batir cike kuma da sanyinsa. In ba a jone take ba, guzurin tafiyarta take ci."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ashe abin da ta kira ɓarna, shi ne aikin.

Wata babbar mota ta wuce su. Wani mai babur ma ya wuce su, har yana waiwaye.

"Kai ɗan nan," in ji Kaka, "in ba don idon nan ba, da na sauka na riga ku da ƙafa."

Baba ya yi 'yar dariya. Yarinyar ta kasa.

Da ƙyar da jan ciki suka isa wurin cajin. Rumfa ce babba, an jera farantan sola a samanta. Matar da ke kula da wurin ta fito da ruwan sanyi a kofi, ta fara miƙa wa Kaka.

"Sannunku da rana, Iya."

Ta jona motar, ta duba allon na'urarta, ta girgiza kai.

"Ta ɗauki zafi da yawa. Sai ta huce tukuna za ta karɓi wuta da sauri. Wanda ya sha gudu ai ba a ɗura masa abinci yana haki."

"Ba yadda za a yi?" in ji Baba. "Likita muke so mu tarar."

"Wallahi babu, sai haƙuri."

Suka zauna a kan benci. Motar tana ta huci, fuuu. Inuwar rumfar tana ƙara tsawo, alamar yamma na matsowa. Kaka ta lalubi hannun Baba.

"Kada ka sa damuwa a ranka," ta ce. "In ba rabo bana, sai baɗi. Yaron dai zai girma ban taɓa ganinsa yana jariri ba. Ba komai."

Nan yarinyar ta kasa daurewa. Hawaye suka zubo mata.

"Baba, na'urar cajinmu ba ta lalace ba. Ni na kashe makunnin. Na ji motar tana ƙara ba kowa a ciki, na zaci ɓarna take yi."

Baba ya dube ta.  Da ya yi faɗa ma, da ya fi mata sauƙi.

"Lokacin da nake ta zare igiya ina mayarwa, kina tsaye?"

"Ina tsaye."

"Kashe makunnin kuskure ne, kuma da niyya mai kyau kika yi shi. Shirun ne ya fi yi mini ciwo. Da kin faɗa a lokacin, da na kunna mun ɗan jira a inuwar gida. Da kakarki ba ta sha wannan ranar ba."

"Ka yafe mini, Baba. Kaka, ki yafe mini."

Kaka ta jawo ta jikinta. "Zo nan, ƙawata. Share hawayenki. Jiƙa min mayafin nan da ruwa, ki ɗora min a kai. Kuka ba ya sanyaya kowa."

Ta jiƙa, ta ɗora mata, ta yi ta yi mata fifita da wani kwali har hannunta ya gaji. Can sai hucin motar ya ragu.

"Yauwa, ta fara ci da kyau," in ji matar. Ba a jima ba ta zare igiyar. "Wannan zai kai ku. Allah Ya ba da sa'a, Iya."

Kunkuru ya ɓace. Baba ya kunna na'urar sanyi, motar ta miƙe.

Sun isa asibiti rana ta yi ja. Bencin masu jira ba kowa. Ga likita nan a bakin ƙofa, ya cire farar rigarsa ya rataya a hannu.

"Mun gama," ya ce. "Mun kira sunanta har mun gaji."

Kafin Baba ya buɗe baki, yarinyar ta matsa gaba. 

"Likita, don Allah. Ba laifin Kaka ba ne, ba na Baba ba ne. Ni na kashe wa motarmu caji tana cikin sanyaya batir, sai ta ƙi gudu a hanya. In horo ne, ni za a yi wa. Kaka so take ta ga ƙanena."

Likita ya dube ta, ya dubi tsohuwar da jiƙaƙƙen mayafi a kanta. Ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da rigarsa.

"Ku shigo da ita."

Aka yi wa Kaka aikin ido, suka kwana a garin. Washegari aka cire wa Kaka bandeji. Ta ƙifta ido, ta sake ƙiftawa. Wadda ta fara gani ita ce jikarta.

"Ikon Allah," ta ce. "Yaushe kika yi tsawo haka? Ga idanu sun kumbura, kamar ke aka yi wa aikin."

Da sanyin safiya suka kamo hanyar gida, batir cike. Suna shiga, Mama ta ɗora wa Kaka jariri a cinya. Kaka ta daɗe tana kallonsa. Yaron ma ya zuba mata ido.

"Idanun kakansa ne sak," ta ce a hankali. Ta goge ƙwalla da bayan hannu.

Yarinyar ta wuce ɗakin ajiya. Ta kai hannu kan makunnin, sai ta tsaya.

"Baba, in kunna?"

"Kunna, Madam Kashe."

Ta ɗaga shi sama. Daga rumfa motar ta fara huci, fuuu. Wannan karon ƙarar daɗi ta yi mata.

Har yanzu tana kashe fitila da fanka in ba kowa a ɗaki. Amma ta koyi abu biyu: abin da ba ka san aikinsa ba, tambaya kafin ka taɓa shi. In kuma ka yi kuskure, faɗi tun da wuri, kafin wani ya sha wahala saboda shirunka.