Doka ta Bakwai

"A dakata," in ji Luqman, ya ɗaga cokalinsa sama. "Kafin tambayar ƙarshe, a karanta mana doka ta bakwai."

Nuriyya, mai tambaya, ta ji katin tambayar da ke hannunta ya yi mata nauyi.

Mutum ya fi ɗari biyu a harabar siton mahaifinta, bayan titin Koudoukou. Wasu kan benci, wasu kan buhunan shinkafa, wasu sun ɗare katanga. Ranar ƙarshe ce ta gasar Buga Murfi, 'yan takara biyu suka rage, kowa da murfin tukunya a gabansa. Luqman, ɗan abokin cinikin mahaifinta, yana da maki goma sha ɗaya. Sharafaddeen, mai gyaran rediyo daga unguwar Miskine, yana da goma sha huɗu.

A kujerar gaba kuwa mahaifinta ne, Alhaji Abdulrahim, kofin gasar na kan cinyarsa. Shi zai miƙa wa wanda ya ci.

"Me ya kawo doka ta bakwai yanzu?" in ji Suwaiba, aminiyarta mai rubuta maki a allo.

"Doka ce ko ba doka ba ce? Ai Madmazel Nuriyya ce ta rubuta da hannunta," in ji Luqman.

Ita ce kuwa ta rubuta. Tun tana ƙarama, a shekarun da fita daga unguwarsu ta Sank-Kilo ta gagara saboda rikici, Nuriyya take manne da rediyo tana sauraron wata gasar kacici-kacici ta ranar Lahadi. Har ta haddace yadda mai gabatarwa yake jan numfashi kafin ya ce an ci. Da ta girma sai ta ce me zai hana unguwarsu ta yi tata? Ta sayi littafin makaranta, ta zauna ta tsara dokoki, waɗanda yanzu sun kai goma sha biyu.

Wanda ya san amsa ya bugi murfi da cokali. Wanda ya buga kafin a gama tambaya, maki biyu sun tafi. A amsa da Hausa ko Sango, yaren gari, ko Faransanci ko Larabci, duk ɗaya ne. Wayoyi duka a zuba a daro, a rufe da faifai. Ɗan kallon da ya raɗa amsa, shi zai kwashe benci bayan an tashi.

Ta bakwai daga baya ta shigo, bayan yayanta Hamza ya ci gasar farko mutane suka ce ƙanwarsa ce ta ba shi satar amsa. Ranar Suwaiba tana dariya ta ce a ƙara da masu neman aure, don kada samari su cika filin. Nuriyya ta ƙara, ita ma tana dariya.

Yau babu abin dariya.

Ta buɗe littafin. Muryarta ta fito a lasifika tiryan-tiryan.

"Doka ta bakwai. Ɗan'uwan mai tambaya, ko mai neman aurenta, ba ya shiga gasa. Mai tambaya ce za ta faɗi gaskiyar haka a gaban jama'a."

"Madalla," in ji Luqman. "To ina tambaya. Wannan da ke gefena, mene ne shi a wurinki?"

Idanu duka suka koma kan mai tambaya.

Nuriyya ta gane dabarar sarai. In ta ce babu komai, ta yi musun Sharafaddeen a gaban mahaifinta da mutum ɗari biyu, maganar da ba ta janyuwa. In ta ce akwai, an cire shi, kuma ta tona kanta a gaban Baba, wanda ya taɓa cewa 'yarsa ba za ta auri wanda ba a san kakansa a Maraɗi ko Kano ba.

Ta dubi Sharafaddeen.

Shi ne ya gyara musu lasifikar nan bara, ya ƙi tafiya, ya tsaya a baya yana motsa leɓe. Da ta tambayi ƙashi nawa ne a wuyan raƙumin dawa, kowa ya yi ta ashirin da talatin, shi kaɗai ya ce bakwai, daidai da na mutum. Tun daga ranar take bi ta gaban rumfarsa da rediyon da lafiyarsa ƙalau. Wata uku ke nan da ya furta mata so da Sango, kansa a ƙasa yana juya sukudireba, ya ce, "Mbi ye mo, Nuri... da Hausa ban san yadda zan faɗa ya fito daidai ba."

Yanzu yana girgiza mata kai a hankali. Yana nufin ta tsira da kanta, shi ya yafe.

Wannan girgiza kan ce ta ƙona mata rai.

"Doka ta hau kansa," in ji ta. "Sharafaddeen yana neman aurena, kuma na amince masa. Bai taɓa ganin katin tambaya ba, Suwaiba ce shaida, a wurinta suke kwana. Amma ya kamata in cire shi tun wata uku da suka wuce. Laifina ne. Suwaiba, goge makinsa."

Hayaniya ta tashi. Wata tsohuwa ta kama salati.

Sharafaddeen ya ajiye cokalinsa a kan murfi ba tare da ya yi ƙara ba. Ya tashi, ya zagayo gaban Alhaji, ya durƙusa.

"Baba... gaskiya ne. Ni ina son ta. Ku yi haƙuri da kuka ji a nan."

Alhaji bai dube shi ba. Idonsa na kan 'yarsa.

Luqman ya gyara zama. "To, a yi tambayar ƙarshe."

"Ban gama da doka ta bakwai ba," in ji Nuriyya.

Ta juyo gare shi. Mahaifiyarta ta riga ta gaya mata cewa sau biyu mahaifin Luqman yana zuwa wurin Baba a kan maganarta. Luqman bai san ta sani ba.

"Ni dokar ta ce in faɗi gaskiya, amma taka gaskiyar a bakinka nake son jama'a su ji. Luqman, kana neman aurena? In kana nema, ajiye cokali ka tashi. In ba ka nema, zauna ka ɗauki kofi."

Luqman ya dubi kofin. Ya dubi abokansa da suka zo da ganga tun daga unguwar Yakité don rakiyarsa gida. Shekara biyu yana zuwa na biyu.

"Wannan... maganar manya ce, ba ta filin wasa ba."

"Tashi ko zama?"

Ya zauna.

Ta karanta masa tambayar, ko katantanwa tana da haƙora. Ya ce tana da su, dubbai ma. Ya ci. Alhaji ya miƙe, ya ajiye kofin a kan kujerar da ya tashi, ya fice.

Washegari bayan karin kumallo ya kira ta.

"Kin san abin da kika yi mini?"

"Na sani, Baba."

"Waye ubansa?"

"Direban babbar mota ne, ya rasu. Mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Banda ce, ta musulunta tun kafin a haife shi."

"Ko Hausa bai iya ba."

"Yaya Hamza ma da Sango yake mafarki, Baba. Ina jin sa ta bango."

Mahaifiyarta, Hajiya Kubura, ta yi saurin rufe baki da mayafi. Alhaji ya harare ta.

"Ga abin da za a yi. Lahadi mai zuwa ki hau lasifikar nan ki ce kuskure kika yi, babu komai tsakaninku. A mayar masa da makinsa, a sake wasan. In ya ci ni da kaina zan ba shi kofi, har da babur. Shi ke nan magana ta mutu."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba?"

"Ku kuka koya mini in na auna wa mutum mudu in cika shi, ko yana kallo ko ba ya kallo. Dokar nan na cire ɗan'uwana da ita. Ba zan tsaya a gaban mutanen da suka yarda da ni in karanta musu ƙarya ba."

"To na rufe harabar."

"Harabarku ce, Baba."

"Lasifikar ma tawa ce."

"Taku ce."

Hawaye na zuba, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi kasuwa.

Lahadi ta zo, kwado na ƙofar sito. Nuriyya ta ɗauki littafinta da daro da murafen tukwanen gidansu, ta nufi gindin wani mangwaro a hanyar Yakité. Mutum ashirin suka zo. Babu lasifika, sai da ta yi ta ɗaga murya har ta dishe. Mako na biyu suka kai tamanin. Wata mai tuyar ƙosai ce ta ci, ta san sunayen kogunan ƙasar kamar sunayen 'ya'yanta.

Sharafaddeen yakan zo ya tsaya can nesa. Bai raɗa wa kowa amsa ba, amma shi yake kwashe benci.

"Nuri na," ya ce mata ranar Lahadi ta biyu, benci a kafaɗa, "muryarki ta tafi. Ki yi abin da Baba ya ce. Ni zan jira, ko shekara nawa."

"Wato in ce ban san ka ba?"

"Don ki huta..."

"Sau ɗaya ka girgiza mini kai, na yafe. Kada ka sake."

Ya sauke bencin. "To ba zan sake ba. Gobe kawuna zai je wurin Baba."

"Zai kore shi."

"Sai ya koma jibi."

Sau uku kawun yana zuwa, sau uku ana ce masa Alhaji ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa.

Ranar Alhamis ta mako na uku, da hantsi, Nuriyya tana tsince shinkafa a tsakar gida ta ji sallamar mahaifin Luqman a zaure. Ta ajiye tiren, ta matsa jikin bango.

"Alhaji, yara sun yi yarinta. Mu manya sai mu ɗinke. Na zo a tsayar da magana."

"Wace magana?"

"Ta Luqman da 'yar wajenka mana."



"Ina wurin," in ji Alhaji. "An tambayi ɗanka a gabana, ya tashi ko ya zauna. Kofin nan ni na saye shi, gwangwani ne aka shafa wa ruwan zinariya. Shi ya zaɓa."

"Haba Alhaji, wasa ne fa."

"Shi ɗayan ma wasa yake yi, kuma shi ne a gaba da maki uku. Ya ajiye cokali ya durƙusa mini a cikin ƙasa. Kwana goma sha takwas ina neman abin da zan ce a kan wannan, ban samu ba."

Bayan baƙon ya tafi, Alhaji ya shigo ya tarar da ita a jikin bango, ba ta ko yi ƙoƙarin ɓuya ba.

"Laɓe ma yana cikin dokokin naki?"

"A'a, Baba."

Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tiren shinkafa.

"Ban ce na ji daɗi ba. Kin kunyata ni, kuma zan daɗe ban manta ba." Ya yi gyaran murya. "Ki aika wa kawun nan nasa. Ya daina tsayuwa a rana yana kallon takalmana."

Nuriyya ta durƙushe ta kama ƙafarsa tana kuka.

"Tashi, uwata," ya ce. Rabon da ya kira ta haka tun ranar gasar.

Bayan Sallah ƙarama aka ɗaura aure a Masallacin Koudoukou. Dangin ango suka zo daga Miskine, musulminsu da kiristansu, aka yi ta gaisawa da harsuna huɗu.

Sati biyu da tarewa, ranar Asabar da yamma, tana zaune tana rubuta katunan gobe, ta juya masa baya don kada ya gani. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki.

"Amaryata..."

"Na'am."

"Na yi nazarin dokar nan. Ta ce ɗan'uwa, ta ce mai neman aure. Ni yanzu ba nema nake ba, na samu. Kin ga ke nan zan iya komawa."

Ta ajiye biro. Ta janyo tsohon littafin, ta buɗe shafin doka ta bakwai, ta yi rubutu a ƙasanta, ta miƙa masa.

Ya karanta a hankali. "Ko mijinta."

"Har abada," in ji ta.

"Nuri, ni ne na fi kowa iya wasan nan a duk Sank-Kilo."

"Na sani, masoyina. Shi ya sa na aure ka."

Ya tsaya yana kallon shafin, ya yi ajiyar zuciya, murmushi na ƙwace masa.

"To gobe a ina zan zauna?"

"Kusa da Baba," ta ce, ta ci gaba da rubutunta. "Ka riƙe masa baki. Makon jiya sau biyu yana raɗa amsa."