Tafiyar Yini Guda

A zamanin da, a ƙasar Japan, an yi wani hakimi da kullum a kujera ake ɗaukarsa. Da sarki ya ba shi kula da hanyoyi, sai ya kafa doka: manomin da bai kai shinkafa birni a yini guda ba, a ƙwace gonarsa.

"Ai yini guda ne, na sha zuwa," in ji shi.

Wata tsohuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, an dai sha kai ka."

Hakimi ya sauko, ya saɓi buhu, ya kama hanya. Kwana uku ya yi.

Ya mai da dokar kwana huɗu.

Sarki ya ce, "Ba uku ka yi ba?"

Hakimi ya ce, "Na huɗun na gasa baya ne."