Ranar da Injiniya Ya Sabunta Wayar Kaka

A Aboabo, cikin Zangon Kumasi, akwai wani yaro ɗan aji shida. Yana da sunansa na yanka, amma ba mai kiransa da shi. Kowa Injiniya yake ce masa, don duk wayar da ta yi gardama a gidansu shi ake miƙa wa. Sunan nan kuwa yana masa daɗi. In aka kira shi da shi, har tafiyarsa canzawa take yi.

Wata Juma'a yana dawowa daga makaranta, sai ya ga taro a bakin wani shagon waya. An kafa lasifika, kiɗa na tashi. Wani saurayi mai jar riga yana talla da ƙarfi. Wai an fito da sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da komai a cikin waya. Wai duk wanda ya sabunta wayarsa zai ga sababbin launuka, hoto ya ƙara kyau, waya ta riƙa sauri. Kuma kyauta ne.

"Ku sabunta yau," in ji saurayin. "Kada a bar ku a baya!"

Injiniya ya tsaya baki buɗe. Har ya isa gida maganar nan na yi masa yawo a ka.

Sai dai fa ba shi da waya. Ta Mama ƙarama ce mai madannai, babu ruwanta da wata manhaja. Ta Baba kuwa ba ta barin aljihunsa. Saura ta Kaka Azumi, babbar waya mai kyau da Kawu Sherif ya saya mata.

Kaka ba ta yi karatun boko ba, amma ta san wayarta sarai. Tana ɗora babban yatsa, waya ta buɗe. Sai ta taɓa wani koren hoto a kusurwar ƙasa, ta nemi fuskar wadda take so, ta danna ta yi magana. Haka take aika saƙo ga ƙawayenta goma sha biyu. Ita ce shugabarsu. Duk biki ko suna a dangi, su ne masu girki.

A makon nan Anti Munira, ƙanwar Mama, ta haifi mace. Suna ranar Lahadi. Da farko an gaya wa matan su haɗu a unguwar Ayigya, gidan mijin Anti, su yi girki a can. Ranar Asabar da hantsi sai labari ya zo cewa famfon gidan ya ƙafe. Aka yanke shawara a dafa a Aboabo, a tsakar gidan Kaka, a kai abincin can a mota.

Kaka ta ce in ta yi Azahar za ta sanar da matan. Ta ƙara kallon hoton jaririyar, ta sa wayar a caji, ta ɗauki buta.

Wayar ba ta kai ga rufewa ba. Injiniya ya leƙa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a sama: sabuwar manhaja ta iso. Ya ce a ransa zai ba Kaka mamaki. Gobe a wajen suna kowa zai ga wayarta ta fi ta kowa, a ce aikin Injiniya ne.

Bai tambayi kowa ba. Ya danna.

Fuskar wayar ta yi baƙi. Wani siririn layi ya bayyana, yana cika a hankali. Injiniya ya durƙusa yana kallo, yana murza hannu don murna.

Kaka ta idar da salla. "Maigidana, miƙo min wayar nan," in ji ta. Haka take kiransa don wasan kaka da jika.

"Minti biyar, Kaka. Ina yi miki wani abu mai kyau."

Minti biyar ɗin nan sai da ya cinye awa guda da rabi. Kaka ta tambaya sau uku. Mama ta fito daga kicin ta harare shi sau biyu. Can dai wayar ta mutu, ta sake kamawa da wasu launuka masu sheƙi. Injiniya ya daka tsalle, ya miƙa wa Kaka yana washe baki.

Kaka ta ɗora yatsa. Shiru. Ta goge yatsan da bakin zane, ta sake ɗorawa. Shiru. Wayar ta nuna lambobi, tana neman lambar sirri.

Ashe in waya ta mutu ta sake kamawa, ba ta karɓar yatsa sai an sa mata lamba. Injiniya ya san haka, murna ce ta mantar da shi. Lambar kuwa Kawu Sherif kaɗai ya sani, shi ke sa wa Kaka in hakan ta faru. Ga shi ya tafi arewa ɗauko ragon suna. Mama ta kira shi, wayarsa a kashe.

Injiniya ya gwada wata lamba daga kansa. Ba ita ba ce. Ya gwada wata. Mama ta ƙwace wayar.

"Ya isa haka. Wa ya ce ka taɓa?"

"Ba kowa, Mama."

"Ka san abin da ka yi?"

Kaka ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kan kujera, ta dubi buhun shinkafa da kwandon tumatir da ke jingine da bango.

"Gobe da asuba," in ji ta, "mata goma sha biyu za su ɗauki tukwanensu su nufi Ayigya, inda babu ruwa. Nan kuma ga kaya babu mai dafawa. Baƙi su zo sunan ƙanwarka, su koma da yunwa?"

Kunya ta rufe Injiniya. Ya so a ce duka aka yi masa, da ya fi sauƙi.

Mama tana da lambar mata uku a ƙaramar wayarta. Ta kira su. Saura tara, kuma lambobinsu na kulle a wayar Kaka.

Sai Kaka ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin goro da ledar alewa. Ta ce kafin zuwan waya, da ƙafa ake kai gayyata, kuma ba a zuwa hannu wofi.

"Maigidana, ɗaure takalminka."

Ta shiga yi masa kwatance. Gidan wance yana bayan masallaci mai koriyar ƙofa. Na wance yana kusa da mai gyaran babur. Duk daga kai take faɗa, ko gargada babu. Shi kuwa mai boko sai da ya ɗauko littafi ya rubuta.

Ya zuba a guje. Lungu bayan lungu, yana tsallake kwata, yana kauce wa babura. A kowane gida ya yi sallama, ya durƙusa, ya miƙa goro da alewa, ya faɗi saƙo. Kowace sai ta tambaya me ya sami wayar Hajiya. Shi kuma dole ya faɗi gaskiya. Matan suka yi ta dariya. Wata ta ce yau injiniya ya koma ɗan aike. Wata ta ba shi ruwan sanyi, ta ce ya gaishe da waya.

Tun yana jin kunya, har ya fara jin daɗin abin. Yana soke suna ɗaya bayan ɗaya a littafi. Bayan La'asar ya gama takwas.

Saura Hajiya Barkisu a unguwar Alabar. Ita ce mai babbar tukunyar da ke ɗaukar rabin buhu. In babu ita, girkin gobe ba zai yiwu ba.

Ya hau trotro, motar haya ta cikin gari, ya sauka inda aka ce. Littafinsa ya ce: ka wuce masu goro, za ka ga ɗan shagon katako shuɗi, ka shiga lungun da ke gefensa, ƙofa ta uku.

Ya wuce masu goro. Babu shuɗin shago. Ya koma baya, ya sake zuwa. Babu. Ga lunguna birjik, duk kamarsu ɗaya. Ga mutane na ture shi, ga masu kaya a ka suna cewa a ba su hanya. Rana ta fara yin ja. Yanzu kam tsoro ya kama shi, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Wata mai ɗinki ta lura da shi. Ta yafito shi, ta tambayi abin da yake nema. Da ya gaya mata, sai ta yi murmushi ta nuna da almakashi.

"Ga shi can gabanka. Makon jiya mai shi ya yi masa sabon fenti."

Shagon ya koma rawaya. Sau uku Injiniya ya wuce ta gabansa. Fentin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma kyan nan ne ya ɓatar da shi.

Hajiya Barkisu ta karɓi goro tana juya shi a hannu. Ta ce rabon da a kawo mata goron gayyata har gida, ta manta. Ta sa masa albarka. Ta ce ya gaya wa Azumi kafin gari ya waye tukunya na ƙofar gidanta.

Ana kiran Magariba ya shigo gida, ƙafa duk ƙura. Kukan rago ya fara ji. Kawu Sherif ya dawo! Ashe cajinsa ne ya ƙare a hanya. An riga an ba shi labari. Ya ja kunnen Injiniya kaɗan yana dariya, ya danna lambobi huɗu, waya ta buɗe.

Kaka ta karɓa da murna. Yatsanta ya tafi kusurwar ƙasa, inda ya saba zuwa. Babu komai a wurin. Hotunan duk sun sauya wuri, siffarsu ma ta canza. Ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Ina koren nawa?" ta tambaya a hankali.

Injiniya ya dubi fuskarta. Ya gane abin da take ji, don shi ma ɗazu ya ji shi a Alabar. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Kaka, ki yafe min. Na taɓa miki waya ban tambaya ba. In kin yarda, zan mayar miki da shi wurinsa."

"Yanzu ka tambaya. Mayar."

Ya ja koren hoton zuwa kusurwar ƙasa. Ya jera sauran yadda suke a da, yana nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Kawu kuma ya koya mata lambar sirri, har ta iya sawa da kanta.

Washegari kafin rana ta fito, tsakar gida ta cika. Mata goma sha biyu, babu wadda ta rage. Maza biyu suka shigo da tukunyar Hajiya Barkisu suna nishi. Wuta ta kama, ƙamshi ya tashi har maƙwabta. Aka sa wa jaririya suna Hikma. Kowa ya ci ya ƙoshi, har aka tafi da saura. Injiniya ya ci faranti biyu, ya ce kuɗin ƙafarsa ne.

Ranar Litinin a darasin kwamfuta ya ba malamarsu, Madam Nasira, labari. 'Yan aji suka yi ta ƙyalƙyala dariya.

"Madam, ke nan sabunta waya laifi ne?"

"A'a, yana da kyau," in ji ta. "Akwai ƙananan gyare-gyare da ke zuwa kowane wata ko makamancin haka. Suna toshe hanyar ɓarayin waya, don haka kada a bar su su daɗe. Babbar manhaja kuwa kamar sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma ba guduwa za ta yi ba."

"Amma mai talla ya ce yau."

"Mai talla bai san kuna da suna ba."

Ta ƙara da cewa a jira ranar da babu wani uzuri. A tabbata akwai caji, an adana hotuna, kuma mai wayar ya san lambarsa. Kafin komai kuwa, a tambayi mai abu.

Bayan wata guda, saƙon sabuntawa ya sake fitowa a wayar Kaka. Injiniya ya gani. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi, amma ya ɗauki wayar ya kai mata, ya yi mata bayani.

Kaka ta kalle shi ta saman tabarau.

"Yau akwai suna?"

"Babu, Kaka."

"Gobe fa?"

"Babu."

"To sabunta, Maigidana. In ta kulle, ga sauran goro can a ɗaki."

Suka fashe da dariya su biyun. Ya zauna kusa da ita, suka sabunta tare.

Daga ranar nan Injiniya ya riƙe darasinsa. Sabon abu yana da kyau, amma yana da lokacinsa. Abin wani kuma, komai kyan niyyarka, kada ka taɓa sai ka tambaye shi.